Gida na Tara a Bargon Inna

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, kin tambayi jikin Inna. Jiki kam alhamdulillahi, tana ci tana sha. Mantuwar ce ke ƙara gaba. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ni ce sabuwar 'yar haya.

Kin tuna bargon haɗe-haɗen da ta fara kafin ciwon? Na same shi a ƙasan akwatinta, tare da littafin da ta zana shi da fensir. Gida goma sha biyu ne, kowanne da kalar zanensa: wannan tauraro, wannan tsani, wancan kwando. Takwas ta gama. Akwai rigar marigayi Baba mai ratsin shuɗi a ciki, da labulen tsohon falonmu, da rigar makarantarki da kika ƙona da dutsen guga kika ce ni ce. Ban manta ba, ehe.

Na ce bari in ƙarasa sauran huɗun tun tana iya gane abinta. Yaya, na ɗebo da zafi! Ashe Inna ba ta taɓa rubuta awon bakin ɗinki ba, da faɗin ƙaramin yatsanta take aunawa, nawa kuwa ya fi nata kauri. Gida na tara, kwandon, ya fito a tsuke, kusurwoyin sun ƙi haɗuwa. Na ajiye mata a cinya na shiga kicin. Kafin in dawo ta ɗauki ɗan almakashinta ta farke shi tas, ta kira ni da sunan nan da na tsana, Sarauniyar Garaje, ta yi mini tatas kamar ina 'yar shekara goma. Wallahi daɗi ya kashe ni. Wata biyu rabon da ta san ni.

A shafa mini kan yara.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya aiki?

Wasiƙarki ta iso. Wai in kai wa tela ya ƙarasa in huta. Sannu mai shawara daga nesa! Bari in faɗa miki abin da ko likita ban gaya wa ba. Na riga na gano awon, na auna yatsan nata tana gyangyaɗi, na yi alama a jikin keken ɗinki. In na so, yau zan haɗa kwandon daidai. Da gangan nake karkata ɗinkin kowace safiya, don ta farke, ta zage ni, ta kira sunana. Minti biyar nake samu da uwata a rana, kuma da karkataccen ɗinki nake sayensu.

Sai dai ƙyallen ya gaji. Hannun kwandon daga rigar Baba Inna ta yanka shi tun kafin ciwon, ramukan allura sun cinye bakinsa, kuma babu sauran ko tafin hannu. In na gyara, na rasa faɗanta. In na ci gaba, ƙyallen zai mutu a hannuna. Ban san yadda zan yi ba, Yaya, tsoro nake ji.

Taki, Auta

Yaya,

Fatan kun tashi lafiya.

Jiya na karkata kwandon fiye da kullum, ko makaho ya shafa zai gane. Na ɗora mata a cinya, na sa almakashin kusa da hannunta, na zauna ina jiran zagi. Ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta ɗago ta yi mini murmushin da take yi wa baƙi, ta ce aikin ya yi kyau, Allah ya yi wa wadda ta koya mini albarka.

Inna fa, wadda shekara talatin ba ta taɓa yaba ɗinkina ba! Na ce amin, na shiga banɗaki na yi kuka.

Yau ma na gwada, ko kallon almakashin ba ta yi ba. Na haɗa kwandon cikin bargon yadda yake, a karkace. Ba ni da ƙarfin gyara shi.

Ki nemi hutu ki zo. Ba na ce za ta gane ki ba. Ni ce nake son wani ya kira ni Sarauniyar Garaje a gidan nan.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta