Sunan Kawu Idi bai shiga ba

Gazawa, daren Talata

Yau Kawu Idi ya zo buro, wato ofishinmu, daga Gangara, babu sunansa cikin masu karɓar irin wake. Laifina ne. Garinsu akwai wani mai suna irin nasa, Idi Mamman, sai tsarin rajistar da na rubuta wa ƙungiyar manoma ya ƙi maimaita sunan. Ni kuma na bar sabar, injin da ke karɓar sunayen, tana mayar da lambar 200, wato komai lafiya, maimakon 409 da zai nuna wa sakatare an yi karo. Gyaran bai ci minti goma ba, amma iri ya ƙare.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da injin ya ce a'a tun ranar rajista, ai da na nema a kasuwa."

Tun jiya aka yi ruwan shuka.