Jifa da Bugun da Ka Haɗa

Nuraddeen,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da yayyenka. Ni lafiya lau nake a Jidda, sai dai ƙafata da ke kumbura saboda tsayuwar kicin.

Kawunka Bello ya gaya mini kulob ɗin besbol sun so ɗaukarka mai jefa ƙwallo kawai, ka dage sai ka haɗa da bugu. Ka yi ta yin duka biyun har kafaɗarka ta ƙi ɗaguwa, suka ɗauki wani. Wannan girman kai ne. Jiki ɗaya Allah Ya ba ka.

Da na ji za su ɗauke ka, na ce wa kafilina bana zan koma gida. Jiya na roƙe shi ya sabunta mini iƙama.

Allah Ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Larai