Ƙorafi Kan Igiyar Aisa da Aka Yanke a Tudun Sauƙi

Daga: Dabora Gideyon, mai sayar da kopto (kwaɗon zogala),
Gida na 41, ɓangaren 'yan ambaliya,
Sabon Matsugunin Tudun Sauƙi, bayan Koira Kano, Yamai.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta,
Aikin Gyaran Gari da Tsugunar da Jama'a na Tudun Sauƙi, Yamai.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Game da: Yanke igiyar makauniya Aisa, da faɗawarta ramin dashe, da shingen da ake shirin rufewa.

Ranka ya daɗe,

Mushe Nassirou, shugaban ma'aikatanku a nan Tudun Sauƙi, shi ne ya karya Aisa. Bai doke ta ba, wuƙa ya sa ya yanke igiyar da take bi, ita kuwa makauniya ce. Na fara da wannan ne don kada maganar ta ɓace cikin gaishe-gaishe.

Bayan haka, ina miƙa gaisuwa ta girmamawa gare ka da dukan ma'aikatan bironka, wato ofishinka, da fatan kuna lafiya. Ni ban yi lakwal ba, ban san karatun boko ba. Maƙwabciyata Madam Priska ce ke rubuta mini, na kuwa ce mata ta sa kowace kalma yadda ta fito daga bakina, kada ta sa mata suga. Ni gwauruwa ce, asalinmu Dogondutsi, a Gamkalley na tsufa, can na binne mijina. Ruwan bara ya ci gidana, kuka kawo mu nan. Ban manta alherin ba. Ga abin da nake kuka a kansa.

1. Aisa tsohuwa ce sa'ata. Masu bindiga suka kore su daga ƙauyensu, ta iso Yamai ba ɗa ba jika, aka ba ta ɗaki a ɓangaren 'yan gudun hijira, daidai da ƙofata, fili ne kawai tsakaninmu. A bakin pampo na fara ganinta tana lalube da bokiti. Tun ranar tare muke cin abinci. Da safe takan zo gidana ta zauna tana tsinke mini zogala, ni ina dafawa ina kwaɗawa, hannunta kuwa ya fi na masu ido tsabta, ba ka samun tsinke ko ɗaya. Da yake ba kullum nake samun zuwa jawo ta ba, sai na yayyaga tsofaffin gidajen sauro na tufka igiya, na kafa turaku daga ƙofarta har tawa, na ɗaura ta daidai ƙugu. Na yi ƙulli ɗaya inda hanya ta karkata wajen pampo, ƙulli biyu a bakin ƙofata. Na rataya tsummoki ja don masu ido su gani. Duk sanyin bana da wannan igiya Aisa ta yi zirga-zirgarta, ita kaɗai, ba ta roƙi hannun kowa ba. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara cewa ta harɗe shi.

2. A watan Maris ma'aikatanku suka zo da babbar takarda mai zane, suka tara mu, suka ce filin nan da ke tsakanin ɓangarorin biyu za a mai da shi garkar jama'a: itatuwa layi-layi, da wuraren zama, da inuwa ga tsofaffi. Na tafa hannu da kowa. Ni 'yar Gamkalley ce, ba wanda zai koya mini son icce, zafin nan kuwa ya ishe mu. Aka haƙa ramuka, kowane zai haɗiye akuya, aka ce dashen sai ruwa ya sauka. Har yau ramukan a buɗe suke. Aka kuma fara zagaye filin da shingen waya saboda dabbobi, ƙofa ɗaya tak, can ƙarshe wajen babbar hanya. A wurin taron na tashi na faɗi zancen Aisa da igiyarta. Mushe Nassirou ya ce an ji, za a duba. Mutane shaida ne.

3. Ranar Talata, 29 ga Afrilu, manyan baƙi suka zo duba aiki a cikin manyan motocin nan katkat. Kafin su iso, Mushe Nassirou ya zagaya yana share fili, ya ce igiyar nan da tsummokinta ƙazanta ce, ba ta cikin zane. Ya yanke ta da hannunsa, ya sa aka tumɓuke turakun tsakiya. Hamidu mai tura ruwa yana tsaye, ya gani, ya kuma yarda a kira sunansa. Ni ranar ina Gamkalley wajen zaman makoki, can na kwana.

Ranka ya daɗe, a nan nake so ka tsaya ka saurara. Da ya kwance igiyar duka tun daga ƙofarta, da Aisa ta fito ta laluba ta ji babu, ta koma ɗaki ta jira ni. Amma sai ya cire ta tsakiya, wadda baƙi za su gani, ya bar guntun da ke ɗaure a ƙofarta. Bai aika kowa ya gaya mata ba. Ƙofarta tana nan, ko murya ya ɗaga za ta ji.

4. Washegari da safe Aisa ta kama igiyarta kamar kullum, ta taho. Tana cikin tafiya igiya ta ƙare mata a hannu. Ta ɗauka tsinkewa ta yi, sai ta ci gaba tana laluben ɗaya bakin, ta faɗa rami. Mata masu ɗiban ruwa ne suka ji nishinta suka ciro ta. A gidan likita aka ce ƙashin ƙugu ya tsage. Yanzu tana kwance a ɗakinta, ko juyi sai an taimaka mata.

5. Sau biyu na je wurin Mushe Nassirou. Na fari ya ce mini aikin gwamnati ba ya tsayawa don igiyar gidan sauro, wai in da wani cikin baƙi ya harɗe ya faɗi, shi za a tambaya. To ga wadda ta faɗi, wa aka tambaya? Na biyu ya ce me ya haɗa ni da ita, ba danginmu ɗaya ba, ba ɓangarenmu ɗaya ba, ko salla ba ɗaya muke yi ba, in bar masu kula da 'yan gudun hijira su yi aikinsu. Na gaya masa abin da na gaya masa, ba na son a sa shi cikin takardar da za ta zo gabanka. Masu kula ɗin suna zuwa, ban ce ba sa zuwa ba, suna kawo shinkafa da magani. Amma ba su ne ke wanke ta ba. Ba su ne ke ɗaga ta ta yi alwala ba. Ni ce, ni Kirista, na san lokutan sallarta fiye da shi. Har yau bai taka ƙofarta ya ce mata sannu ba.

6. Abin da ya hana ni zama yanzu shi ne shingen. Kullum ina ganin ma'aikata suna matsowa da wayarsu, saura wata 'yar kafa daidai inda igiyar take a da, ta nan nake bi in kai mata abinci, ina kewaye ramuka da kwano a hannu. An ce cikin makon nan za a rufe ta. In aka rufe, sai na gangara har babbar hanya na shiga ta can na dawo, gwiwoyina kuwa ba za su yi wannan safe da rana da maraice ba. Na gwada sau ɗaya don in gani, sai da na zauna a ƙasa a hanya. Kopto ma na daina sayarwa, ina ɗora tukunya sai in ji hankalina yana can, in sauke in tafi. Ita kuma in ba ni na kai ba, ba ta ci. Ta ce mini in an rufe shingen kada in wahalar da kaina. Na san abin da take nufi, ban kuwa yarda ba.

Kun ce garkar nan don ta haɗa mu da baƙinmu 'yan gudun hijira aka yi ta, mu zauna inuwa ɗaya. Ni da Aisa mun riga mun haɗu tun babu icce ko ɗaya. Ashe aikin zai fara ne da raba mu?

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma Darakta:

Na farko, a dakatar da rufe wannan kafa tun yau, a sa mata ƙofa. Akuya ba ta buɗe sakata, ni kuma na ɗauki alkawarin rufewa da hannuna.

Na biyu, a rufe ramukan da ke kan hanyarta ko a kange su har dashe ya zo, a kuma ba ni izini a rubuce in mai da igiya. In tsummoki ne ba ku so, ku kawo taku mai kyau, wadda baƙi ba za su ƙyamata ba, ni zan yi ƙulle-ƙullen.

Na uku, Mushe Nassirou ya amsa laifinsa. Ban ce a kore shi ba, yana da iyali. Amma ba a biro nake so ya amsa ba.

Ina neman gafara in harshena ya yi kaifi, tsufa ne da ɓacin rai. Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Ranka ya daɗe, guntun igiyar nan yana hannun Aisa, ta sa an kwance mata shi, da shi take kwana. Kullum sai ta tambaye ni ko iska ce ta tsinke shi. Ban ba ta amsa ba, don ba ni ce zan ba ta ba. Ka turo Mushe Nassirou ya durƙusa a bakin tabarmarta, ya faɗa mata da bakinsa wanda ya yanke, da dalilin da ya sa ya bar mata rabi.

Taka mai biyayya,

Dabora Gideyon
(da dangwalen yatsana na dama)