Dutsen Da Aka Aza A Mazauninka

Zuwa ga Yayana Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Amma ina da labarin kifi, kuma ban saba kai shi wurin kowa ba sai kai.

Maganar Inna ce ta tayar da ni. Tun da muka kai ka makwanci a tsakiyar damina, ba ta cin abinci sai ɗan abin da za ta rufe mana baki da shi. Ta rame ƙwarai. Da kaka ta kama, aka fara yankan acca, sai ta ce tana marmarin romon kan giwan ruwa, irin wanda muke kamo mata duk shekara. Shi ne abu na farko da ta nema da bakinta. Na rufe shagon ɗinkinmu na Gangare, na ɗauki fatsarka, na shiga motar Shendam ni kaɗai, zuwa tafkin da muke kamun kifi.

Ka tuna dariyar da 'yan layinmu ke mana? Wai teloli 'yan Jos, da ba su san ruwa ba sai kududdufan haƙar kuza, su ne masunta. Kai kuwa ko a jikinka. Mota na fara gangarawa sai ka tuɓe rigar sanyi, ka ce sanyin Jos ya jira ka a tasha.

Tafkin na nan yadda ka bar shi, ido ba ya kaiwa ɗaya gaɓar. Baba Ayuba mai kwale-kwale ya yi ta leƙen bayana yana nemanka, don har yanzu wayar salula ba ta kai musu can ba. Da na faɗa masa rasuwarka, ya cire hularsa.

Ka san tsarinmu, kai a gaba, ni a baya da filafili ina tuƙi. Shekara da shekaru ina maka tsiya cewa tumbinka zai nutsar da mu, kana cewa, "Ba don tumbin nan ba, da iska ta kai ka Kamaru." Ashe ba wasa kake ba. Ina turawa hancin jirgin ya ɗaga sama, iska ta yi ta juyi da ni. Baba Ayuba ya yafito ni na dawo. Ya cicciɓo wani ƙaton dutse ya aza daidai inda kake zama, ya ce haka suke yi wa duk wanda zai fita shi kaɗai.

Jirgin ya miƙe. Ni ne dai na kasa duban gabana.

Wajen la'asar kifi ya kama. Yaya, giwan ruwa, irin wanda ka yi ta buri ne. Na ja ya ja, zaren ya yanke min tafin hannu, har na kawo shi jikin jirgi, bayansa na ƙyalli. A nan aikinka yake farawa, ka sunkuya ka cafke shi ta ƙasan kai ka jefo shi ciki. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, kama!" Kuma na tsaya ina jiranka, wallahi jira na yi. Kifin ya kaɗa jela, ƙugiya ta suɓuce, ya yi ƙasa.

Kukan da na danne ranar jana'izarka, a nan na yi shi, a gaban dutse.

Baba Ayuba ya zuba min kifin karfasa a bokiti don kada in koma hannu sake. Inna ta leƙa bokitin, ba ta tambayi giwan ruwa ba. Cewa ta yi wa ya zauna min a gaba. Na ce dutse. Ta ce, "Ya kai shi nauyi?" Na ce ko kusa. Ta yi murmushi hawaye na zuba, ta ɗanɗana romon, ta ture kwanon.

Zan koma kafin kaka ta wuce, ko Allah zai sa ta ci. Amma tsoro nake ji, Yaya. Gidan nan ma ya fara ɗaga hanci kamar jirgin, kuma ban san dutsen da zan aza masa ba.

Allah Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga ruwan Aljanna. Allah Ya bar mana Inna, Ya sanyaya zuciyarta. Amin.

Ƙaninka na bayan jirgi,
Habu