Inna, Na'urata Ta Kewaye Tafasarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa ta ladabi, irin ta durƙuso da kika koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin hutu da yalwar makwanci. Autarki ce, Binta. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma ko da kina da rai sai an karanta miki, amma ina da labarin da ba zan iya ba kowa ba kafin ke. Masu karantawa su yi haƙuri, yau da Inna nake.

Karatun da kika tafi kika bar ni a cikinsa ya zo gangara. Digirin digirgir ake ce masa, wanda babu wani a bayansa. Fannina ƙera mutum-mutumi, wato na'urar da ke gani da kyamara, ta gane abin da ta gani, ta yi aiki ba tare da an riƙe ta ba. Kin sha tsokanata kina cewa, "Ke Auta, tsaranki har sun yaye na uku, ke kina ta tsufa a aji." To wata mai kamawa zan tsaya gaban malamai in kare aikina, daga nan na fita daga aji. Kuma ko ɗar ba na ji. Bari in gaya miki dalili.

Kin tuna gayaunarki ta bayan gari, 'yar gonar da Baba ya yankar miki daga gandu lokacin da kika manyanta? Gero a layi, gyaɗa a tsakani, wake yana yaɗo inda ya ga dama. Ranar da kika fara ba ni fartanya na ɗauka duk abin da ba a shuka ba ciyawa ne, na bi kunya ina sharewa tas. Kika riƙe mini hannu kika ce, "Wannan tafasa ce, wancan lalo. Kewaye su ake yi." Na ce ai ba mu muka shuka ba. Kika ce, "To da mu muka shuka ai da namu ne."

Sai da na girma na fahimci maganar. A tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, akwai gidajen da kwaɗon tafasa da miyar lalo ke riƙe su. Matan gidajen nan ba sa roƙo. Suna shiga gonar kowa su tsinki ganye su fita, ba mai tambaya, don abin da ya fito da kansa ba shi da mai shi. Ke kuma kullum sai ki yi kamar ba ki gan su ba, ki juya baya ki kama wani aiki a can ƙarshen gona.

Bayan rasuwarki Yaya Habu ya karɓi gonakin duka. Kada ki ga laifinsa, Inna. Samarin da ake ɗauka noma sun tafi Kano tuƙa adaidaita, shi kuma bayansa ya fara ciwo. Sai ya koma feshi kamar kowa, ya goya jarka ya bi gona, ciyawa ta mutu. Maganin kuwa bai san tafasa ba, bai san lalo ba. Gandu ya yi fes, babu ganye ko na miya ɗaya. Gayaunarki kaɗai ya ƙyale, don na roƙe shi har da kuka a waya. Bara ya ce ya gaji da nome ta da hannu. Ya ce, "Damina ɗaya na ba ki. In wannan ƙarfen naki bai nome ta ba, zan fesa mata magani kamar sauran, kuma kada ki kira ni kina kuka."

Kin san Yaya, in ya faɗa ya gama. Ni ma kin san ni.

A can ƙasar da nake karatu, malamin da ke duba aikina dattijo ne mai kirki, amma gonakin da ya sani masara ce zalla a miƙe, iya ganinka. A wurinsu abin da sauƙi: duk abin da ba masara ba, na'ura ta tumɓuke. Ya ba ni shawara in yi hakan, in gama da wuri in huta. Na ce masa gonarmu ba haka take ba, a wurinmu akwai shuka, akwai ciyawa, akwai kuma abu na uku wanda ba a shuka ba kuma ba a cirewa. Daga baya ya ce wannan abu na uku shi ne digirin nawa, in zan iya. Na ce zan iya.

Na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Na'ura ba ta gane ganye sai an nuna mata hotonsa da yawan gaske, ni kuma duk inda na duba babu wanda ya taɓa damuwa ya ɗauki hoton lalo yana jariri. Sai na dawo gida. Na bi gonaki daga Ɗambatta har Kunci, ina tsugunne da kyamara a kan kowane ɗan tsiro, mutane na wucewa suna cewa boko ya taɓa 'yar Malam Isa. Da yamma matar Yaya, Aunty Rabi, da tsofaffin unguwa su zauna a tabarma ina nuna musu hotuna a waya suna faɗin sunan kowane, wani lokaci har da musu. Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne tafasa da rai-ɗore, don suna ƙanana kamar tagwaye suke. Sai na tuna kin taɓa ɗora mini su biyu a tafin hannu kika ce in dubi bakin ganyen, na tafasa a zagaye, na rai-ɗore da tsini. Da wannan na raba wa na'urar gardama.

Bana, da aka zo noman farko, na kawo ta. Ba ta kai baro girma ba, tana da ƙafafun taya da faifan hasken rana a bayanta, da ɗan bakin fartanya a ƙarƙashinta. Kafin in sauke ta daga mota garin ya raɗa mata suna Kunkuru. Ranar farko ta ba ni kunya: tayoyinta suka nutse a rairayi, ta tsaya tana gurnani a wuri ɗaya. Yaya bai yi dariya ba, ya dai je ya wanke jarkar feshinsa ya kife a inda zan gani. Na tafi Ɗambatta wurin mai walda muka faɗaɗa tayoyin, na dawo.

Da safe na sa ta a bakin kunya ta farko na ja da baya. Ta tafi a hankali tana sarar ciyawa, ta bar gero, ta bar gyaɗa. Can kusa da gawon nan da kike ajiye goran ruwa a gindinsa, ta iso wani cincirindon tafasa. Ta tsaya. Inna, duk shekarun nan na karatuna a wannan tsayuwar suke. Sai ta ɗaga bakin fartanyarta, ta wuce su, ta sauke a gaba, ta sare rai-ɗoren da ke kusa. Yaya ya tsuguna ya taɓa ganyen tafasar da yatsa. Da ya miƙe, sai ya ce wa Aunty Rabi, "Haka Inna ke yi."

Ba zan ce miki ba ta kuskure ba. Ta sare wake a wasu wurare inda ya yi yaɗo ya rufe ciyawa, kuma na rubuta wannan a cikin aikina ba tare da ɓoye-ɓoye ba, na san ta inda zan gyara. Amma ta nome gayaunar, ta yi mata maimai, kuma jarkar Yaya ba ta shiga ba. Har ya fara tambayata, yana kallon wani gefe, ko Kunkuru za ta iya gandu baɗi.

Abin da na fi so in gaya miki ya faru ne kafin in koma makaranta. Ina gonar ina goge kyamarar, sai ga Gwaggo Lami, ƙawarki wadda mijinta ya rasu ya bar mata jikoki, ta shigo ta gefen gawo da ƙwarya a hannu. Ba ta nemi izini ba. Ta sunkuya ta fara tsinkar tafasa. Sai na ga na juya baya, na tura na'urata can ƙarshen gona na kama wani aiki. A nan ne hawaye suka zo mini, Inna, don kewarki ta kama ni kamar ranar aka yi jana'izarki.

Shi ya sa nake cewa ba na jin tsoron zaman malaman nan. Su tambayi duk abin da suke so a kan lissafi da kyamara da taya, ina da amsa. In suka tambaye ni me ya sa na'urata ke barin ciyawa a gona, wannan ma ina da amsa, kuma da sunanki zan fara. In Allah Ya yarda za su kira ni Dakta, ke kuma na san da kina nan cewa za ki yi, to Dakta, a je a ɗebo ruwa.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Duk ƙwaryar ganyen da ta fita daga gayaunarki, jiya da yau da baɗi, Allah Ya kai ladan gare ki. Ya haɗa mu da ke da Baba a Aljanna Firdausi.

Taki har kullum,
Autarki, Binta