Wuta Ta Cinye Gambar Iyaka

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Legas?

Mu dai hankalinmu a tashe yake. Ranar da masu ƙiyasta gadon Baba suka zo daga kotu, wutar daji ta riga ta cinye ciyawar gamba da ke nuna iyakarmu da Kawu Ilu. Sai suka haɗa gonar audugarsa da tamu, ushira, wato kuɗin da kotu ke karɓa a kan gado, ta hau. Alƙali ya ce ba gyara sai kai babba ka nuna iyaka. Kawu kuwa gani yake da gangan muka yi don mu cinye masa gona. Jiya Inna ta gaishe shi, ya kau da kai, ƙanwarsa fa!

Don Allah ka zo, a taya mu addu'a, a gai da yara. Gamba za ta tsiro da ruwan fari, zumuncin nake jiye wa tsoro.

Ƙanenka,
Garba, Bakori