Dutsen da Auta Ta Gano

Litinin, 3 ga Maris

Babansu lafiya, sai gwiwar nan. Babban yarona direba ya warke daga mura, matarsa ce yanzu a kwance. Jikoki garau. Ni ma ƙalau, in ban da tunanin Auta da ke aiki can gidan binciken taurari a kan tsauni, ko rigar sanyin kirki ba ta tafi da ita ba.

Ta bugo waya da hantsi. Wai dutsen nan na sararin samaniya da ta hango a hoton na'urarsu shekarun baya, an gama bin sawunsa, an tabbatar da hanyarsa, an ba shi lamba. Wanda ya gano kuma shi ke kawo suna. "Mama, naki zan sa." Na ce ta bari in zauna tukuna.

Ƴata. Ni na goya ta.

Alhamis, 6 ga Maris

Abu ya tsaya mini a rai, na kira Auta. Na ce in ya faɗo wa mutane a ka fa, a ce wance ce ta rushe gari? Ta yi dariya har da tari. Wai yana can tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, cikin dubban irinsa, sai ya yi shekara huɗu da wani abu kafin ya zagaye rana, kuma ba ya ratsowa ta wajenmu. "Ya fi Yaya direba bin hannunsa a titi." Tarin nan dai bai yi mini ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na gaya wa maƙwabciyata mai ɗinki. Ta ce ana ganinsa? Na ce sai da na'ura. Ta taɓe baki, wai suna a kan abin da ba a gani. Na ce naki da ake gani a allon shago, ruwan sama ya cinye rabinsa.

Talata, 18 ga Maris

Ashe ba suna kaɗai ba ne. Ana haɗawa da ƴan layuka na bayanin mai sunan, in kwamitinsu ya amince a buga, kowa ya karanta. Auta ta karanto mini nata: wai mahaifiyarta ce, ta koyi karatu da rubutu a ajin manya tana da shekara hamsin.

Surukaina ba su sani ba. Mai ɗinki ba ta sani ba. Shekara nawa ina cewa na manta tabarau in an miƙo mini takarda! Na ce ta cire, ko ta nemi wani sunan. Ta ce, "To me zan rubuta, Mama? Ta iya shanya?" Ƙarshen wata za ta miƙa. Na kashe wayar.

Laraba, 19 ga Maris

Ba ta kira ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Babansu yana shafa wa gwiwa magani ya ce, "Ni da na shiga makaranta tun ina da majina, ko tsakuwa ba a sa wa sunana ba." Na ɗauki kwalbar na karanta masa yadda ake shafawa, don yana zubawa da yawa.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Amma in har za a buga abu, a buga daidai. Hamsin da uku nake lokacin, ba hamsin ba, kada a rage mini. Kuma ba a ambaci malamarmu ba, wadda ta riƙe hannuna har yatsun suka saba da alƙalami.

Na tura wa Auta saƙo, da kaina na danna, ban nemi kowa ba: "Ki gyara shekarun, ki sa malama. Ki amsa mini kafin Alhamis, kada su rufe ba mu shiga ba."